Yadda Aka Zana Abin Da Ido Ba Ya Gani



Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare a cikinmu ya san hoton nan na ruwa: jar ƙwallo babba a tsakiya, ƙananan farare guda biyu maƙale da ita kamar kunnuwa. Mun kwafe shi a littafi, mun zana shi a jarrabawa, amma ba kasafai ake faɗa mana wanda ya zaɓi jan ba, balle dalilin da ya sa ɗalibin Kano da na Tokyo suke ganin launi ɗaya. Ƙwayar oksijin dai ba ja ba ce, ba kuma ƙwallo ba ce. Mutane ne suka yanke shawarar yadda za a nuna ta, aka yi gardama, aka yi gori, aka gyara, har aka daidaita. Tarihin wannan aiki za mu bi a wannan makon, domin akwai wani sashe nasa da ya rage, kuma a hannun masu rubutu da Hausa yake.

Mu fara da kalmomi biyu. Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar ɓarɓashin kowane sinadari na asali, kamar kabon ko oksijin ko ƙarfe. Idan ƙwayoyin zarra biyu ko fiye suka ƙulle da juna, sai su zama abin da masana ke kira molekul. Sai an jera molekul na ruwa fiye da miliyan 3 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Hasken da idonmu ke gani da shi ya fi su kauri nesa ba kusa ba, shi ya sa madubin ƙara girma na ɗakin gwajin makaranta ba zai taɓa nuna su ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To yaya malami zai yi da abin da ba a gani?

Da'ira ko harafi

A shekarar 1808 wani malamin makaranta a Manchesta ta ƙasar Ingila, John Dalton, ya buga littafinsa a kan zarra, ya sa wa kowane sinadari alamar da'ira. Oksijin da'ira ce wadda babu komai a cikinta, haidirojin da'ira mai ɗigo a tsakiya, kabon kuwa da'ira ce da aka cike da baƙi. Idan zai nuna molekul, sai ya jera da'irorin suna taɓa juna. Har ƙwallayen katako ya sa aka yi masa don koyarwa. A zanensa ruwa zarra biyu ne kawai, haidirojin ɗaya da oksijin ɗaya, wanda daga baya aka gano ba haka ba ne. Sai dai shi kansa zanen ya taimaka wajen gyaran, domin abin da aka zana a fili kowa na iya nuna inda ya karkace.

Da'irorin Dalton ba su yi tsawon rai ba. Wajen 1813 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jacob Berzelius, ya kawo shawarar a riƙa amfani da haruffan farko na sunan sinadari da harshen Latin: H, O, C, Fe da sauransu. Dalton bai so wannan tsari ba har ya mutu, amma tsarin Berzelius ne ya yi nasara. Babban dalili kuwa mu marubuta mun san shi sarai: maɗaba'a. Kowane mai ɗab'i yana da haruffa a akwatinsa, da'ira mai ɗigo kuwa sai an ƙera ta musamman, an biya kuɗi. Abin da ya fi sauƙin bugawa shi ya fi yaɗuwa. Daga wannan tushe muka gaji H2O.

Amma haruffa ma suna da iyaka. Mu ɗauki C2H6O. Wannan rubutu ɗaya sunan abubuwa biyu ne. Na farko etanol, ruwan nan da ke cikin man tsaftace hannu, wanda ke tafasa a digiri 78. Na biyu wata iska ce da ba ta zama ruwa sai sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Ƙwayoyin zarransu iri ɗaya, adadinsu ɗaya, bambancin kawai wa ke riƙe da hannun wa. Haruffa sun faɗi kayan miya, ba su faɗi yadda aka haɗa ba. Don haka a 1864 Alexander Crum Brown na Edinbara ya buga zanen da ya haɗa hanyoyin biyu: harafi a cikin da'ira, da layuka masu nuna abin da ke haɗe da wani. Daga baya aka zubar da da'irorin, aka bar haruffa da layuka, kamar yadda muke gani a allo har yau.

A 1865 wani Bajamushe mai koyarwa a Landan, August Wilhelm Hofmann, ya gabatar da lacca ga jama'ar gari. Ya zo da ƙwallayen wani wasan Turawa da ake bugawa da guduma, ya haɗa su da sanduna, ya ba kowane sinadari launinsa: kabon baƙi kamar gawayi, haidirojin fari, oksijin ja, naitirojin shuɗi, kulorin kore. Launukan da ya ɗauka don 'yan kallo su gane, su ne har yanzu ke cikin littattafanmu. A shekarar dai August Kekulé ya ce ƙwayoyin kabon shida na sinadarin benzin a zagaye suke kamar zobe, abin da ya zama zanen nan mai kusurwa shida irin na saƙar zuma. Sai a 2009 masu bincike na kamfanin IBM a Zurik suka samo hoton wani molekul mai irin waɗannan zobba biyar ta hanyar shafa shi da tsinin wata na'ura, zobban suka fito da kusurwoyinsu shida shida kamar yadda aka shekara fiye da ɗari ana zanawa.

Kwali a cikin ambulan

Ƙwallayen Hofmann a shimfiɗe suke kamar tabarma. A 1874 wani matashi ɗan ƙasar Holan mai shekara 22, Jacobus van 't Hoff, ya ce hannayen kabon huɗu ba a shimfiɗe suke ba. Uku suna kallon ƙasa a bubbuɗe kamar duwatsun murhu, na huɗu yana kallon sama. Wani Bafaranshe, Joseph Le Bel, ya kai ga irin wannan ra'ayi a shekarar ba tare da sun haɗa kai ba. Wannan ya warware wata matsala da ta daɗe tana damun masana, wato yadda molekul biyu za su yi daidai a komai amma su bambanta kamar hannun dama da na hagu.

Takarda ba ta iya nuna wannan yadda ya kamata. Sai van 't Hoff ya yanka kwali, ya manna ƙananan siffofi masu fuska huɗu, ya shafa musu launi, ya aika wa manyan masana ta gidan waya. Ba kowa ya karɓa ba. A 1877 Hermann Kolbe, ɗaya daga cikin dattawan fannin a Jamus, ya rubuta cewa wannan mafarki ne ba kimiyya ba, har ya yi wa yaron gorin cewa a makarantar likitocin dabbobi yake aiki. A 1901 van 't Hoff ne mutum na farko da aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, ko da yake a kan wani bincike nasa na daban. Siffar kwalin nan kuwa ita ake koya wa kowane ɗalibin sinadarai a yau.

Masu zane sun shigo

A ƙarni na 20 aka sami hanyar auna inda kowace zarra take. Ana haska wa daskararren sinadari hasken eksire, hasken ya warwatsu ya bar ɗige-ɗige a faranti, sai a yi lissafi a koma baya a gano siffar da ta warwatsa shi. Abin da ke fitowa a ƙarshe tarin lambobi ne, kuma lamba ba ta zama siffa a ƙwaƙwalwa sai an zana ta. Dorothy Hodgkin ta Jami'ar Oksifod, wadda ta gano ginin fenisilin a 1945, a kan faifan roba mai kama da gilashi aka zana mata layukan, aka ɗora faifan bisa juna hawa-hawa, har siffar maganin ta bayyana a tsakiya.

Ranar 25 ga Afrilu 1953 mujallar Nature ta buga gajeriyar takardar James Watson da Francis Crick a kan ginin DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, wadda ta dogara ƙwarai da hotunan eksire na Rosalind Franklin da abokan aikinta. A gefen shafin akwai ɗan zane: zirin ƙyalle biyu sun murɗe da juna kamar tufkar igiya, da 'yan sanduna a tsakani kamar matakan tsani, da kibiyoyi biyu, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Odile Crick, matar Francis, wadda sana'arta zane ce, ita ta yi shi. Babu zarra ko ɗaya a cikin zanen. Ta bar abin da ake buƙata kawai: igiya biyu ne, a murɗe suke, kuma fuskarsu ta saɓa. Sunanta ba ya cikin marubutan takardar, amma zanenta ya fi kowace jimla ta takardar yawo a duniya.

Furotin, sinadaran da ke gina tsoka da ɗaukar iska a jini da narkar da abinci, sun fi haka wuya. A 1958 John Kendrew na Kambirij ya fitar da siffar furotin ta farko, mayogulobin, mai adana oksijin a tsoka. Da wani irin yumɓun roba aka mulmula ta, ta fito a cukurkuɗe kamar hanji, babu tsarin da masana suka yi zato. Da aka sami cikakkun lambobi, mujallar Scientific American ta ɗauki wani mai zane, Irving Geis, ya shafe wata shida yana zana ta da hannu zarra bayan zarra, aka buga a 1961. Aiki ne mai ban mamaki, kuma Geis ya ci gaba da wannan sana'a har ƙarshen rayuwarsa. Sai dai idan aka nuna dubban zarra a shafi ɗaya, mai kallo kan rasa inda zai sa ido.

Maganin wannan ya zo daga Jane Richardson ta Jami'ar Duke a Amurka, wadda falsafa ta karanta a jami'a, ba ta kuma yi digirin dakta ba. A wata doguwar maƙala da ta fito a 1981 ta zana furotin masu yawa da fensir da tawada bisa ƙa'ida ɗaya. Ta cire ƙwayoyin zarra gaba ɗaya, ta bi kashin bayan sarƙar kawai. Inda sarƙar ta nannaɗe, ta zana nannaɗaɗɗen ƙyalle. Inda ta miƙe, ta zana faffaɗar kibiya mai nuna inda aka dosa. Inda ta lanƙwasa don haɗa sassa, ta zana siririyar igiya. Da alamomi uku kacal mutum ya iya ajiye furotin biyu gefe da gefe ya ga danginsu ɗaya ne. Yau kusan duk hoton furotin da kwamfuta ke fitarwa da wannan salo yake fita.

Geis ya nuna komai, Richardson ta zaɓi abin da za ta bari, kowanne da inda yake da amfani. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce wadda muke yi wa kanmu idan muka zauna gyaran labari: wa zai karanta, kuma me muke so ya tafi da shi?

Daga ɗakin bincike zuwa hannun kowa

Zane ba ya amfanar ɗalibi idan yana kulle a mujalla mai tsada. A 1971 aka buɗe rumbun bayanan furotin da ake kira PDB a cibiyar bincike ta Brookhaven a jihar New York, da siffofi 7 kawai. Da farko ba kowane masani ya yarda ya saki lambobin da ya sha wuya kafin ya samu ba. Daga baya manyan mujallu suka sa sharaɗin cewa ba za su buga bincike ba sai an ajiye lambobinsa a rumbun. A 2023 siffofin da ke ciki suka haura 200,000, kuma duk mai intanet zai iya saukewa kyauta. Manhajojin kallonsu ma aka sake su: RasMol ta Roger Sayle a farkon shekarun 1990, sai PyMOL ta Warren DeLano wajen 2000. Aikin da ya ci wa Geis wata shida, ɗalibi mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya fitar da kwatankwacinsa kafin shayi ya huce.

Saura maganar haƙƙin mallaka. A 2002 ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisin da mai aiki zai ce: ku ɗauka, ku buga, ku gyara, amma ku ambaci sunana. A 2004 aka buɗe Wikimedia Commons, taskar hotunan da Wikipedia ke ɗiba. Jane Richardson da kanta ta ɗora zane-zanenta na hannu a can. David Goodsell, masani kuma mai zanen fenti, tun Janairun 2000 ya fara fitar da bayanin molekul ɗaya kowane wata tare da zanensa, kuma a ƙarƙashin irin wannan lasisi ake raba su. Hoton ƙwayar korona da ya cika gidajen talabijin a 2020, dunƙule mai ruwan toka da jajayen ƙayoyi, Alissa Eckert da Dan Higgins na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ne suka zana shi. Da yake aikin ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka ba ya da haƙƙin mallaka, kowa ya ɗauka ba tare da neman izini ba. Launukan kuwa zaɓinsu ne, kamar yadda Hofmann ya zaɓi nasa.

Inda aikin ya tsaya yana jiranmu

Hoto ba ya buƙatar fassara, amma kalmomin da ke gefensa suna buƙata. Kusan duk waɗannan zane-zane da Turanci aka rubuta sunayen sassansu. Kibiya za ta nuna wuri, mai karatunmu ya bi ta da ido, ya iske kalmar da ba ta ce masa komai ba.

Mu ɗauki sikila, cutar da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da ita. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin hemogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jini. A 1956 Vernon Ingram ya gano ainihin wurin. Hemogulobin sarƙa huɗu ne masu ɗauke da tubali 574. A biyu daga cikin sarƙoƙin, tubali na shida ne ya canza, aka sami wanda ba ya shiri da ruwa a gurbin wanda ke shiri da shi. Wannan wuri sai ya zama mai danƙo. Da zarar hemogulobin ya sauke oksijin, sai ya manne da ɗan uwansa, su yi dogayen sanduna, su tanƙwara ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon yake tasowa. Siffofin biyu suna cikin rumbun PDB, mai lafiya a lamba 4HHB, na sikila a lamba 2HBS. Zane uku da bayanin Hausa mai kyau sun isa su nuna wa uwa cewa ciwon ɗanta ba jifa ba ne, ba kuma laifinta ba ne. Zanen akwati mai gida huɗu kuma ya isa ya nuna wa masu shirin aure cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu ba, domin kowane ciki ƙuri'arsa daban.

Ba mu ne za mu fara rubuta kimiyya da Hausa ba. Abubakar Imam da Rupert East sun yi littafin Ikon Allah a Zariya tun zamanin mulkin mallaka, suka yi bayanin halittu da duniyar da muke ciki da Hausar da kowa ke ji. Abin da muka fi su shi ne kayan aiki. Da yawa daga cikin zanen da ke Wikimedia Commons a tsarin SVG suke, wato rubutun cikinsu ba a manne yake da hoton ba. Da manhajar Inkscape, wadda kyauta ce, ana iya goge kalmar Turanci a sa ta Hausa, a mayar da zanen taskar, malamin Zinder ko na Kumasi ya same shi.

Wanda zai shiga wannan aiki ya kiyaye abubuwa huɗu da tarihin nan ya koya mana. Na farko, a duba lasisi. Mu da muke kuka da masu satar littattafanmu bai kamata mu ɗauki zanen wani mu goge sunansa ba. Idan lasisin ya ce a ambaci mai zane, a ambace shi. Idan ya ce a saki abin da aka gyara da irin lasisin, a sake shi. Na biyu, kada a canza launukan da aka daidaita a kansu don ado, domin yaron da ya koyi oksijin ja a littafinmu zai same shi ja a jami'a. Na uku, a kula da juya hoto. DNA ta dama take murɗewa, kamar yawancin kusoshi masu zare. Idan mai tsara shafi ya juya hoton kamar a madubi don ya dace da bango, ya buga siffar da ba ita ce ta jikinmu ba, kuma manyan mujallu ma sun sha faɗawa wannan rami. Na huɗu, mu daidaita kalmomi. Idan wani ya rubuta zarra, wani atam, wani ƙwaya, duk a kan abu ɗaya, mai karatu zai ɗauka abubuwa uku ne. Haruffan Berzelius da launukan Hofmann sun yi amfani ne don mutane da yawa sun yarda sun bi su. Mu zauna da malaman kimiyya da ma'aikatan asibiti da masana harshe, mu ji kalmar da mutane suka riga suka saba da ita, mu tsaya a kanta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai iya zane ya zana, mai ilimin fannin ya duba, mai alƙalami ya rubuta bayanin da ɗalibar aji uku za ta karanta wa kakarta ta gane. Wanda ke neman inda zai fara, ya ɗauki zane ɗaya, ko na ƙwayar jini ko na ruwa, ya sa masa sunayen Hausa, ya rubuta jimla biyar a ƙarƙashinsa, ya nuna wa wanda bai yi boko ba. Inda mutumin ya tsaya ya yi tambaya, nan ne gyaran yake.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.